Masu Auna Tsadar Rayuwa: Daga Kashin Tumatir na Gamboru Zuwa Alƙaluman Abuja

A tsakiyar kowane wata gidajen rediyo kan karanto wani adadi daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS: hauhawar farashi ta kai kashi kaza cikin ɗari. A Disamban 2024 adadin ya kai 34.80. Mai sauraro a teburin mai shayi yakan ja tsaki ya ce, "Mutanen da ke shan sanyin ofis a Abuja, ina suka san kuɗin mudun wake?" Tambayar tana kan hanya. Sai dai kafin adadin ya isa Abuja, ƙafa ta taka, rana ta daki ƙeya, an tsuguna gaban tire an tashi ba adadi. Akwai ma'aikata a kowace jiha, birni da ƙauye, waɗanda sana'arsu ke nan: bin kasuwa suna ɗaukar farashi. Wanda ya ga yadda gwani a cikinsu ke aiki zai daina yi wa sana'ar kallon rubuce-rubuce kawai.

Mu ɗauki kasuwa irin ta Gamboru a Maiduguri, wadda ke wajen Kwastam, ba nisa da kogin Ngadda, a bakin hanyar da ta miƙe ta Muna zuwa Mafa da Dikwa har Gamborun Ngala a kan iyakar Kamaru. Kasuwa ce ta cefane: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, kuɓewa, wake, gero, shinkafa 'yar gida, bandar kifin Tafkin Chadi. Ana ciniki da Kananci da Hausa da Larabcin Shuwa, wani lokaci duka ukun a bakin mutum ɗaya. Babu kayan da aka manna wa farashi a jiki. Kowane kuɗi sai an yi tayi an yi albarka kafin ya tsaya. A irin wannan wuri ake so mutum ya fito da lamba ɗaya tak wadda za a iya jerawa da ta Legas da ta Sakkwato ba tare da an zalunci kowa ba.

Kayan aikin mai ɗaukar farashi ba su da yawa. Akwai ƙaramin sikeli. Akwai takarda ko na'urar hannu mai ɗauke da jerin kayayyakin da zai bi. Akwai 'yan canji a aljihu. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne bayanin da aka rubuta a gaban kowane kaya. Ba a rubuta "wake" kawai a wuce. Ana faɗin fari ne ko ja, a buɗe ake aunawa ko a ƙulle yake cikin leda. Shinkafa ma haka: 'yar gida ce ko 'yar waje. Dalilin wannan tsanani ɗaya ne. Ana so a gano ko kuɗin abu ya tashi, don haka dole abin da aka duba a watan jiya shi ne za a duba a wannan wata, a rumfar da aka duba shi, a kwanakin da aka saba zuwa. Idan watan jiya ya ɗauki kuɗin wake mai ƙwari, wannan wata kuma ya ɗauki na tsintacce mai manyan ƙwayoyi, bambancin da zai gani na kyawun kaya ne, kuma in ya shigar da shi a matsayin tsada ya yi wa ƙasa ƙarya ba da niyya ba.

Yana isowa rumfa ba ya fara da tambaya. Sai ya gaisa tukuna: "Alhaji, an tashi lafiya? Ya kasuwa?" Ga dattijuwa mai kayan miya kuma, "Iya, sannu da rana." Ɗan kasuwa in ya ga mutum da biro, abu biyu ke faɗo masa a rai, ko haraji ko tallafi. In ya zaci haraji ne sai ya rage, in ya zaci tallafi ne sai ya ƙara kuka. Gwani yakan ɗauki watanni yana gina amana har mai rumfa ya gane cewa wannan bawan Allah ba ya karɓa kuma ba ya rabawa. Sannan tambayarsa tana da tsari. Ba ya cewa "Nawa ne mudu?" domin wannan kuɗin farko zai jawo, wanda kowa ya san za a rage. Cewa yake yi, "Alhaji, wanda ya saya yanzu, nawa ya biya?" Sau da yawa ma yakan ɗan ja gefe ya yi shiru, ya bar wata uwargida ta gama cinikinta, ya ga abin da ya fita daga hannunta zuwa hannun mai kaya. Wannan ne farashi.

Gwanintar tana fitowa fili a gaban mai kashin tumatir. A ce watan jiya kashi naira 500 ne, yau ma 500 ne. Mai gaggawa zai rubuta cewa babu canji ya wuce. Shi kuwa sai ya tsuguna, ya shimfiɗa sikelinsa a inda ƙasa ta daidaita, ya duba ya ga allon ya tsaya a sifili, ya ɗora ledar da babu komai a ciki ya cire nauyinta, sannan ya kwashe kashin duka ya zuba, har da ɗan ƙaramin da aka ɓoye a ƙarƙashi don ya tallafe na sama. A ce watan jiya kashin ya yi giram 800, yau kuma 500. Lissafin a bayyane yake: watan jiya kilo ɗaya ya kama naira 625, yau ya kama 1,000. Kuɗin kashi bai motsa ba, amma tumatir ya ƙara tsada da kashi 60 cikin ɗari. Uwargida ta riga ta ji haka a tukunyarta ko da ba ta lissafa ba. Aikinsa shi ne ya mayar da abin da ta ji ya zama lamba.

Mudu ma yana da nasa rikicin. Na wani garin ya fi na wani girma. A kasuwa ɗaya ma wani yakan cika shi ya yi tozo, wani ya shafe bakinsa, wani kuma an ɗan buga gindin nasa ya shige ciki. Ga gyara, ɗan abin da ake ƙara wa mai saye bayan an gama awo, wadda takan yi kauri in kaya sun yi kwantai, ta ɓace in sun yi wuya. Duk wannan sikeli ne ke raba gardamarsa. Shi ya sa rahoton farashin abinci da hukumar ke fitarwa wata-wata yake magana da kilo: kilon wake, kilon shinkafa, kilon albasa. Da kilo ne kaɗai za a iya kwatanta Maiduguri da Fatakwal.

Ba kuma a rumfa ɗaya gwani zai tsaya ba, ba kuma zai iya bin duka ba. Yana yin abin da mai sayen hatsi ke yi da buhu: ya soka ƙarfe a sama, ya soka a tsakiya, ya soka a ƙasa, daga 'yan ƙwayoyin da suka zubo a tafinsa ya san abin da buhun ya ƙunsa. Zai ɗauki farashi a bakin ƙofa inda masu mota ke tsayawa, ya kutsa ciki inda talaka ke saye, ya haɗa. Mai son jiki a wannan sana'a, a ko'ina yake a duniya, an san halinsa: ya sami inuwar dogon yaro ya zauna, ya duba abin da ya rubuta watan jiya, ya ƙara naira hamsin-hamsin, ya miƙa. Masu duba aiki suna gane irin wannan, domin farashin gaskiya ba ya tafiya a jere kamar an ja layi. Yana hawa yana sauka, yana bin kaka da bazara da azumi da kuɗin mota.

Akwai kuma ranar da kasuwar kanta ba ta ci ba. A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri, har da yankin Gamboru da Kasuwar Monday. In kaya sun ɓace daga rumfa irin haka, ƙa'idar aikin ta hana a rubuta sifili, domin rashin abu ba arharsa ba ne. Ana duba yadda kuɗin makamantansa ya motsa a wuraren da aka samu, a ƙiyasta da shi, a kuma sa alama cewa ƙiyasi ne har kayan su dawo.

Daga nan sai aikin ofis. Dubban farashin da aka tattaro ba a tara su a raba kai tsaye, domin ba duka kaya ne nauyinsu ɗaya a aljihun magidanci ba. In kuɗin allura ya ninka, ba wanda zai kwana da yunwa. In na gero ya ninka, gida ya girgiza. Don haka ake da abin da masana ke kira kwandon kaya, wato jerin abubuwan da gidaje ke kashe kuɗi a kansu, kowanne da nauyinsa gwargwadon kason da yake ci. Ga misali mai sauƙi. A ce cikin kowace naira 100 da gida ke kashewa, 40 na abinci ne, 60 na sauran buƙatu. Abinci ya tashi da kashi 30, sauran da kashi 10. Abinci ya kawo 12, sauran sun kawo 6, jimilla 18. Hauhawar farashi ta zama kashi 18 cikin ɗari. Gidan da kusan duk samunsa a ciki yake ƙarewa zai ji abin ya fi haka zafi, kuma gaskiyarsa ne. Adadin ƙasa matsakaici ne, ba na gidan kowa ba.

Nauyin nan daga binciken gidaje ake samo shi, inda ake tambayar mutane abin da suka saya da abin da suka ci. Yana kuma tsufa. Kwandon da aka daɗe ana amfani da shi, mai kaya 740, an gina nauyinsa ne a kan binciken 2003 zuwa 2004, lokacin da wayar salula ba ta daɗe da shigowa ƙasar ba, balle a yi maganar sayen data. A farkon 2025 hukumar ta sabunta shi, kayan suka kai 934, nauyin abinci ya sauko daga kusan kashi 52 zuwa wajen 40, aka mayar da 2024 shekarar da ake aunawa daga gare ta. Adadin Janairun 2025 ya fito 24.48. Mutane da yawa sun ɗauka ana nufin kaya sun sauko. Ma'auni ne aka canza.

Ko da ba a canza ma'auni ba, saukar hauhawar farashi ba saukar farashi ba ce, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. A ce mudu ya tashi daga 1,000 zuwa 1,300 a shekara guda, hauhawa kashi 30 ke nan. Shekara ta gaba ya kai 1,495, hauhawa kashi 15. Za a ce hauhawa ta ragu da rabi, kuma gaskiya ne, amma mudun ya fi da tsada. Gudun ne ya ragu, tafiyar tana nan. Ana kuma kwatanta kowane wata da takwaransa na bara, domin tumatir yakan yi arha da rani lokacin da na lambu ya fito, ya yi wuta da damina. In an gwada Yuli da Fabrairu, yanayi aka auna.

Ma'aikaci na biyu ba kasuwa yake shiga ba, gidaje yake bi, kuma abin da yake aunawa rashin aikin yi ne. Tambayoyinsa suna da tsani. Na farko: cikin kwana bakwai da suka wuce, ka yi wani aiki don lada ko riba, ko da na awa ɗaya ne? In an ce a'a, sai na biyu: ka nemi aiki a 'yan makonnin nan? Sai na uku: in an samu yanzu, a shirye kake ka fara? Wanda bai yi aiki ba, yana nema, kuma yana shirye, shi ne marar aikin yi a wannan lissafi. Ɗalibi da tsohon da ya ajiye aiki da wanda ya gaji da nema ya haƙura, duk a wajen lissafin suke. A ce unguwa tana da manya 100: 70 suna aiki, 5 suna nema, 25 suna waje. Za a raba 5 ne da 75, a sami kusan kashi 6.7.

Wahalar tana wajen tono amsa. Ka tambayi matar aure ko tana aiki, ta ce maka a'a, alhali ga tiren ƙosai yarinya ta fita da shi. Ka tambayi saurayin da ke zaune a dakali, ya ce zaman banza yake yi, alhali zare da allura suna hannunsa yana ɗinka hular zanna da za a kai kasuwa. A wajensu aiki shi ne na albashi. Gwani ba ya musu da su. Sai ya bi da sannu: "Hajiya, ƙosan nan na gida ne ko na sayarwa?" Da irin wannan lallashi ake gano masu turin baro, da 'yan dako, da matasan da suka koma tuƙin keke mai ƙafa uku bayan an hana acaɓa a Maiduguri a 2011.

Wannan ma'auni ma an canza shi, kuma ya jawo cece-ku-ce. A tsohon tsari, wanda ya yi aikin da bai kai awa 20 a mako ba ana ƙirga shi marar aiki, shi ya sa adadin ƙarshen 2020 ya kai kashi 33.3. A Agustan 2023 hukumar ta koma tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai ƙa'idar awa ɗaya, sai adadin farkon 2023 ya fito 4.1. Tsohon shugaban hukumar, Dakta Yemi Kale, yana cikin waɗanda suka soki ƙa'idar a fili, bisa hujjar cewa abin da aikin awa ɗaya ke kawowa ba ya riƙe mutum. Mai karatu da natsuwa zai ga cewa rahoton da kansa ya ɗauko sauran labarin: sama da kashi 90 na masu aiki suna cikin sana'o'in da ba su da rajista ko kariya. A ƙasar da babu alawus na marasa aiki, talaka ba shi da halin zama. Dole ya taɓa wani abu kafin rana ta faɗi. Ƙarancin adadin yana nuna hakan ne, ba yalwa ba.

Ma'auni na uku shi ne jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara, wanda ake kira GDP. Tarkon da ke cikinsa shi ne ƙirga abu ɗaya sau biyu. Mu bi buhun shinkafa daga gonakin Zabarmari a fadamar Jere. A ce manomi ya sayar da shanshera naira 40,000. Wadda ta saya ta turara, ta shanya, ta kai injin casa, ta sayar 52,000. Ɗan kasuwa a Gamboru ya auna ta mudu-mudu ya tashi da 60,000. In ka tara cinikin uku za ka sami 152,000, amma shinkafar da ta shiga tukunya ta 60,000 ce. Saboda haka abin da kowane hannu ya ƙara kawai ake ɗauka: 40,000 daga gona, 12,000 daga mai gyara, 8,000 daga mai rumfa. A cikin kason gona ma sai an ware kuɗin taki da iri a mayar wa masu su.

A nan aikin mai sikeli ke dawowa. A ce bara manomi ya sami buhu 10 a kan 40,000, kuɗi 400,000. Bana ya sami buhu 9 a kan 60,000, kuɗi 540,000. Kuɗi sun ƙaru da kashi 35, shinkafa ta ragu da kashi 10. In ba a cire tashin farashi ba, za a yi shelar bunƙasa a shekarar da rumbu ya rame. Don haka ake auna amfanin kowace shekara da farashin wata tsayayyar shekara guda. Ita ma wannan shekara tana tsufa. A Afrilun 2014 Najeriya ta matsar da tata daga 1990 zuwa 2010, aka shigar da harkar waya da finafinai yadda ya kamata, sai jimillar 2013 ta tashi daga kusan naira tiriliyan 42 zuwa 80, ƙasar ta wuce Afirka ta Kudu a takarda. Ba wanda ya wayi gari da ƙarin kwabo. An dai ƙirga abin da dama yana nan. A 2025 an sake matsarwa zuwa 2019.

Mutumin Borno ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin yadda ukun nan ke ɗaure da juna. Shekarun da rashin tsaro ya hana manoma zuwa gona da masunta shiga tafki, amfani ya ragu, kaya suka yi tsada a Gamboru, dubban masu ƙarfi a jika suka cika gari suna neman abin yi. Har ƙididdigar ma abin ya taɓa. Lokacin da hukumar ta fitar da rahoton talauci a 2020, wanda ya ce kashi 40.1 na 'yan ƙasa suna cikin talauci, ta faɗa a fili cewa ba a sa Borno a wannan adadi ba, domin ma'aikatanta ba su iya isa wurare da yawa ba. Wannan ma yana cikin ladabin sana'ar: inda ƙafarka ba ta taka ba, kada alƙalaminka ya taka.

Alƙaluman nan kuma ba don ado ake tara su ba. Da su Babban Bankin Najeriya ya kafa hujja ya ɗaga kuɗin ruwa har kashi 27.5 a Nuwamban 2024. Da su 'yan ƙwadago suka zauna da gwamnati bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, har mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Kuskuren giram ɗari biyu a kashin tumatir, in ya yawaita a kasuwanni, yana iya ƙarewa a albashin malamin makaranta.

Don haka in an karanto adadi, tambayoyi uku sun fi tsaki amfani: me aka auna, da wane lokaci aka kwatanta shi, kuma an canza ma'auni ko ba a canza ba? In kuma mai sikeli ya tsaya a rumfarka, ko mai tambayar aiki ya yi sallama a ƙofar gidanka, ka gaya masa abin da ka sayar da abin da ka yi, ba ragi ba ƙari, domin abin da ka faɗa masa ne za a lissafa a yanke hukuncin da zai dawo kanka.